Na'ura Ta Iso, Mai Gyara Bai Iso Ba: Darasin Ƙasar Mayahi da Tasawa

Tun shekara ta 1960 da ƙasarmu ta sami mulkin kanta, babu gwamnatin da ta zo ba ta ɗauki alkawarin kai kayan aikin zamani karkara ba, kuma babu wadda ba ta kai wani abu ba. An kai garmar shanu da injin shuka, an kai takin zamani da zaɓaɓɓen iri, an gina rijiyoyin burtsatse an kafa musu famfo, an sa akwatin talabijin cikin azuzuwa, ga shi yau ana rarraba kwamfuta da allunan hasken rana. An ci bashi mai nauyi domin waɗannan abubuwa, ƙasashe aminai kuma sun zuba dukiyarsu. Amma duk wanda ya zaga ƙauyukanmu ya ga ƙarfe kwance bayan rumbu ya yi tsatsa, ya ga famfo a bushe mata suna wuce shi da tulu zuwa tsohuwar rijiya.

To, ƴan'uwa masu karatu, Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Me ya sa aikin da hukuma ta ƙaddamar da kiɗa da jawabi yakan mutu shekara kaɗan bayan tafiyar masu kuɗin? Domin neman amsa ba sai mun ƙetare teku ba. Abin da ya faru a jahar Maraɗi, musamman ƙasar Mayahi da Tasawa, ya ishe mu misali.

Ƙasar rairayi

Ƙaramar hukumar El Alasan Mairairai tana arewacin gundumar Mayahi, ta yi iyaka da ƙasar Tasawa. Sunanta ma ya faɗi halin ƙasar: rairayi ne, jigawa ce mai sauƙin noma amma maras riƙon ruwa da taki. Ruwan sama ba kasafai yake haura milimita 400 a shekara ba, kuma ba ya zuwa da ƙa'ida. Wata shekara ya sauka da wuri sannan ya ɗauke kwana ashirin, wata shekara a yi shuka sau biyu ko sau uku kafin ta kama. Hatsi da wake su ne abin dogaro, sai kiwon bisashe da cin rani. Rijiyoyi kuwa masu zurfi ne, da yawa sai an ɗaura wa sa ko jaki ko raƙumi igiyar guga kafin ruwa ya hau.

Manomin wannan ƙasa yana da nasa ilimi, wanda yunwa da fari suka koya wa kakanninsa. Yana shuka da sungumi ran da ruwan fari ya sauka, wani lokaci ma ya yi binne tun ruwa bai zo ba, domin kwana uku na jinkiri na iya raba shi da amfanin shekara. Yana barin tazara mai faɗi tsakanin ramuka don kada hatsi ya yi kokawar ruwa. Yana haɗa hatsi da wake a gona guda, in ɗaya ya ƙi ɗaya ya yi. Yana noma da hauyar tsaye, wadda ke yanke ciyawa ƙarƙashin rairayi ba tare da ta birkice ƙasa iska ta kwashe ba. Duk dabararsa ta taru kan abu ɗaya: kada shekara mafi muni ta same shi da rumbu wayam. Wanda bai riƙe wannan ba, ba zai gane abin da ya biyo baya ba.

Babban aikin Maraɗi

Bayan farin 1973 da juyin mulkin Afrilu 1974, gwamnatin Seyni Kunce ta sa wadatar abinci a gaban kome. Lokacin kuɗin yuraniyom na shigowa, masu ba da taimako kuma suna neman inda za su sa hannu a Sahel. Sai aka kafa manyan ayyukan bunƙasa noma jaha jaha, waɗanda talakawa suka sani da sunan poroje. Na Maraɗi, wanda Bankin Duniya ya ba da rancensa, ya soma aiki a 1977, aka kuma sabunta shi a 1980 tare da asusun FIDA mai kula da noma.

Tsarin a takarda ba shi da aibi. Cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, wadda aka kafa a 1975, tana da tasharta a Tarna kusa da Maraɗi, kuma gwaje-gwajenta sun nuna gona na iya ba da amfani fiye da na gargajiya nesa ba kusa ba idan an bi wasu ƙa'idodi gaba ɗaya: a shuka zaɓaɓɓen iri, a cuɗa shi da maganin iri, a shuka a layi da ƙayyadaddiyar tazara, a rage tsiro a bar ƙafa uku a rami, a zuba takin zamani, a yi noma da shanu. Domin isar da wannan ilimi aka buɗe cibiyoyin horar da manoma, waɗanda ake kira CPR a Maraɗi, CPT a wasu jahohi. Gari yakan zaɓi saurayi da matarsa, su tafi cibiya su yi damina guda suna koyo, in sun gama a ba su shanun noma da garma da injin shuka da amalanke bisa bashi. Bankin manoma, CNCA, shi ke ba da bashin, hukumar ƙungiyoyin haɗin kai, UNCC, wadda ke nan tun 1962, ita ke rabawa da karɓa. An kuma buɗe masana'antun ƙera kayan a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Doso. Fatan shi ne kowane ɗalibi ya koma garinsu ya zama abin koyi, maƙwabta su gani su kwaikwaya.

An gina ofisoshi da ɗakunan ajiya, an sayo motoci da babura, an ɗauki malaman gona da yawa. Wannan darasi guda shi malaman gona da kwaperatif suka riƙa yaɗawa ko'ina, daga fadamun Madarunfa har jigayin arewa, kamar dai duk jahar gona ɗaya ce.

Inda lissafi ya karkace

Da ɗaliban suka koma gida sai gaskiya ta yi halinta. Gonar cibiya tana da taki da ma'aikata da abincin shanu, gonar gandu kuwa ta maigida ce, kuma saurayi ba shi da ikon ce wa mahaifinsa ya sāke yadda ake shuka. Wanda aka horar ba shi ke da gona ba, mai gonar kuma ba a tambaye shi ba.

Shanun noma sai sun ci kafin su ja garma. Ƙarshen rani, lokacin da ake bukatar ƙarfinsu, shi ne lokacin da kara da harawa da dusa suka ƙare, dabba ta rame. In mutum ya tsaya huɗar gona kafin shuka, maƙwabcinsa mai sungumi ya riga ya gama, hatsinsa ya fito. Huɗar ma a jigawa ba ta ƙara abin a zo a gani, sai dai ta saki rairayi iskar farkon damina ta binne tsiro. Takin zamani kuma abokin ruwa ne: in ruwa ya wadata ya ninka amfani, in ruwa ya ɗauke ya ƙone shuka, a bar manomi da bashi ba dami. A tashar gwaji shekara maras kyau layi ɗaya ce cikin rahoto, a gidan talaka kuwa sayar da akuya ce ko tafiya cin rani.

Sai batun biyan bashin. An yi lissafi bisa gyaɗa, wadda ita ce ta ɗaga Maraɗi da Tasawa zamanin da kamfanin SONARA ke saye. Amma farin 1973 da cutar da darɓa ta yaɗa a 1975 sun karya gyaɗa, manoma suka koma wake da hatsi. Hatsi abinci ne, ba ya kawo kuɗin da zai biya garma da shanu. Don haka wasu suka turke shanun suka yi kiwo suka sayar, wasu suka jingine garmar suka riƙe amalanke. Masu bincike na jami'ar Bordo ta ƙasar Faransa, ƙarƙashin Claude Raynaut, waɗanda suka daɗe suna nazari a ƙauyukan jahar, har da Sarkin Hausa na ƙasar Mayahi, sun nuna cewa manoman ba ɗaya suke ba: akwai mai gonaki da dabbobi wanda zai iya kasada, akwai wanda ko damina ba ta raba ba ya koma ƙwadago a gonar wani. Darasin da aka tsara na mai hali ne, kuma masu hali su ne kaɗan.

Kada wani ya ce taurin kai ne ko jahilci. Manoman sun karɓi maganin iri hannu biyu biyu, domin ƙunshinsa ba tsada kuma amfaninsa a fili yake. Sun karɓi amalanke har ya zama ruwan dare, domin yana aiki rani da damina: ya kai taki gona, ya kawo dami gida, ya ɗauko ruwa, ya kai mai naƙuda likita, a kuma yi haya da shi ranar kasuwa. A kudancin jahar, inda noman aya ya sami kasuwa a Najeriya, mutane sun rungumi shanun noma da takin zamani ba wanda ya tilasta musu. Watau manomi ya tankaɗe abin da aka kawo masa, ya ɗauki gari ya bar tsaki.

Sayen doki daban, ciyar da shi daban

Daga 1981 farashin yuraniyom ya faɗi, aljihun gwamnati ya yi sauƙi. Nan aka gane cewa mai ba da rance ya biya gini da mota, amma man motar da albashin malamin gona da rangwamen taki duk suna wuyan ƙasa, kuma kowace shekara sai an biya. Ƙungiyar CILSS da abokan aikinta na Club du Sahel sun riga sun fitar da babban nazari a 1980 kan wannan nauyi na kuɗin tafiyar da ayyuka, suna gargaɗin cewa ƙasashen Sahel na karɓar abin da ba za su iya riƙewa ba. Kowa ya san sayen doki daban, ciyar da shi daban.

Abin yabo shi ne ƴan ƙasa da kansu suka fara faɗin gaskiya. A watan Nuwamba 1982 aka yi babban taron ƙasa a Damagaram kan hanyoyin aiki a karkara, inda ma'aikata suka amince cewa manyan ayyukan sun yi tsada, an tsara su daga sama, kuma ba a bar wa manoma ragamar al'amarinsu ba. Sai ga farin 1984, shekarar da mutane suka laƙaba wa suna El Buhari, ga kuma Najeriya ta rufe iyaka daga Afrilu 1984 har Maris 1986. Bashin manoma ya ƙi biyuwa. Aka rushe UNCC a 1984, aka janye rangwamen kayan noma sannu a hankali, bankin CNCA ya durƙushe kafin ƙarshen shekarun 1980. Masana'antun garma suka rasa mai saye, domin dā ma poroje ne babban abokin cinikinsu. Ginshiƙi ɗaya ya zame, ɗakin duka ya bi shi.

Famfon wa?

Labarin ruwa ya fi wannan taɓa zuciya, domin wahalarsa a kan mata da yara take sauka. Daga 1963 hukumar OFEDES ta riƙa gina rijiyoyin siminti a karkara, da yawansu har yau ana sha, saboda guga da igiya ba su bukatar injiniya. Da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarun 1981 zuwa 1990 domin ruwan sha, sai aka shiga gina rijiyoyin burtsatse, waɗanda mutane ke kira foraj, ana kafa musu famfon hannu ko na ƙafa. Ruwan ya fi tsabta, wannan ba gardama. Amma kowace ƙasa mai taimako da irin famfon da take kawowa: wannan Vergnet na Faransa, wancan India Mark II, wani kuma daban, kuma kayan gyaran ɗaya ba su shiga ɗaya.

Famfo abu ne mai motsi, kuma duk abin da ke motsi yana cinyewa. A gari mai jama'a da dabbobi ana taka shi daga asuba har dare, ga rairayi na shiga yana goge roba da ƙarfe, ga zurfi na ƙara masa nauyi. Ran da wata ƴar roba ta tsage, sai a nemi mai gyara, a nemi kuɗin kiransa, a nemi kantin da ke da robar. In ɗaya cikin ukun ya ɓace, famfon miliyoyi ya tsaya saboda abin jika kaɗan. Rijiya in ta lalace ana iya shiga a yashe ta, foraj kuwa bakinsa ko guga ba ya shiga. An kafa kwamitocin ruwa da asusun gyara, amma tara kuɗi domin abin da bai lalace ba tukuna abu ne mai wuya ga wanda bai san abin da zai ci gobe ba. Da aka karya darajar sefa a Janairu 1994, kuɗin kayan gyara da ake sayowa waje ya yi tashin gwauron zabo. Ƙididdigar da ƙungiyar masana ruwan karkara, RWSN, ta tattara a 2009 ta nuna kimanin kashi ɗaya cikin uku na famfunan hannu a Afirka kudu da Sahara ba su aiki.

Harshen mutane ma ya tona asirin. A ƙauye za ka ji an ce rijiyar gari, gonar gandu, amalanken wane, amma in an zo kan famfo sai a ce famfon gwamnati ko famfon poroje. Abin da aka kira da sunan wanda ya tafi, wa zai tashi da dare dominsa? Takardun yarjejeniya da littafin gyara kuma da Faransanci aka rubuta su, aka karanta wa mai gari a gurguje ranar buki, ya dangwala yatsa. Dokar ruwa ta 2010 ta yi ƙoƙarin gyara wannan: ta tabbatar da cewa mai shan ruwa zai biya kuɗin hidima, ƙananan hukumomi ke da alhakin wuraren ruwan karkara, kuma ana damƙa tafiyar da tankunan ƙauyuka ga ƴan kasuwa bisa yarjejeniya. Inda magajin gari ke duba asusu yana bin diddigi, ruwa na zuba. Inda aka ci kuɗin gyara, an koma gidan jiya.

Na'urar da ta yi aiki, ta mutu duk da haka

Kada a ɗauka sai garma da famfo ne ke gamuwa da wannan ƙaddara, ko kuwa sai na'ura ta lalace aiki ke mutuwa. A fannin ilimi ƙasarmu ta yi gwajin da duniya ta yi ta zancensa. A 1964, tare da taimakon Faransa, aka kafa talabijin na makaranta a Yamai, tun ƙasar ba ta da gidan talabijin na jama'a. Aka fara da azuzuwa kaɗan, darussa na zuwa ta akwati, mai kula da aji kuwa matashi ne mai takardar firamare da aka ba gajeren horo. Yaran sun koyi Faransanci da sauri, kuma kaɗan ne suka bar karatu. Amma aikin ya rayu a gefen ma'aikatar ilimi, da ƙwararrunsa na waje da kuɗinsa na waje. Sufetoci da malaman da suka fito makarantar horon malamai ba su ɗauke shi nasu ba, jarrabawar ƙasa kuma ba ta sāke ba balle ta dace da shi. Tsadarsa ba za ta sauka ba sai ya game ƙasa, kuɗin gamewar kuwa babu. Zuwa 1979 aka naɗe tabarmarsa, kayan aikinsa suka zama tushen Tele Sahel. Aikin da ma'aikatar da za ta gāje shi ba ta so, maraya ne tun ranar suna.

Abin da ya rayu

A wannan jaha tamu dai, cikin shekarun da manyan ayyuka ke durƙushewa, wani abu ya tsiro ba hayaniya. A watan Mayu 1984 aka yi muhawarar ƙasa kan gurgusowar hamada a Maraɗi. Kafin nan an kashe kuɗi wajen renon itatuwan waje da dasa su, akasarinsu suka mutu da ƙishirwa ko awaki suka cinye. Daga 1983 Tony Rinaudo, wani ma'aikacin ƙungiyar SIM ɗan ƙasar Ostiraliya, ya lura cewa kututturen sabara da kalgo da sauran itatuwan da ake sassabewa kowace shekara suna da rai a ƙasa. Manomi ya zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran, itace ya tashi da saiwarsa ta dā, ba ban ruwa ba shinge. Wannan shi ne sassaben zamani, kuma kayan aikinsa wuƙa ce ko gatari. Ya yaɗu ne da mutane suka tabbata itacen da suka rena nasu ne, jami'in gandun daji ba zai ci su tara a kansa ba. Binciken da aka yi da hotunan sama a tsakiyar shekarun 2000 ya ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200 a kudancin ƙasar, galibi a jahohin Maraɗi da Damagaram. A Yuli 2020 gwamnati ta fitar da doka mai tabbatar wa manomi haƙƙinsa kan waɗannan itatuwa.

Misali na biyu shi ne buhun ajiyar wake mai ciki uku, wanda ake kira PICS, da jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa daga 2007 tare da masu binciken INRAN na Maraɗi. Leda biyu masu kauri cikin buhun saƙa, a ɗaure kowace tam, iska ta ƙare wa ƙwaro ya mutu, ba a zuba guba ba. An nuna shi a dandalin gari: aka ɗaure buhu gaban jama'a, bayan watanni aka kwance gaban jama'a, kowa ya ga waken da idonsa. Sannan aka bi ta hannun ƴan kasuwa, mai bukata ya saya da kuɗinsa ranar kasuwa. Wanda ya ajiye wake daga kaka zuwa bazara ya san ribar da ya ci, ba sai malamin gona ya yi masa wa'azi ba.

Amalanke da maganin iri da sassaben zamani da buhun wake, me ya haɗa su? Kowannensu yana da mai shi. Kowannensu ana iya gwada shi kaɗan kaɗan ba tare da an jinginar da abincin gida ba. Kowannensu gyaransa ko madadinsa na samuwa wurin maƙeri ko mai walda ko ɗan tebur, tafiyar yini ɗaya daga gida. Ba ɗaya cikinsu da ke jiran mota daga Yamai.

Kafin a sa hannu

Yau zamanin kwamfuta ne da intanet da hasken rana, kuma ba mai hankalin da zai ce ƙasarmu ta juya musu baya. Tun da aka zaɓi majalisun ƙananan hukumomi a 2004, wurare irin su El Alasan Mairairai sun sami ofisoshin da ke bukatar rajistar haihuwa da lissafin haraji na zamani, gidajen likita na bukatar firijin allurar rigakafi, tankunan ruwa na bukatar famfo mai aiki da rana. Amma tsohuwar cutar na nan. Kwamfuta na son wuta, tana tsoron ƙura, injin bugawa na shan tawada, batir na da ajali, ma'aikacin da aka horar kuma gobe a yi masa canjin wurin aiki. Wani malamin jami'ar Mancesta ta Ingila, Richard Heeks, ya ƙiyasta a 2003 cewa cikin ayyukan sa kwamfuta a gwamnatocin ƙasashe masu tasowa kashi 35 cikin ɗari sun rushe gaba ɗaya, kashi 50 sun yi rabi da rabi, kashi 15 kaɗai suka cimma buri. Dalilin da ya bayar shi ne ratar da ke tsakanin abin da aka zana a takarda da halin da ake ciki a wurin. Manomin Mayahi da ya jingine garma ya riga shi sani.

Ɗan Tasawa, marigayi Farfesa Abdu Mumuni, wanda aka haifa a 1929 kuma jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya nuna wata hanya. Da ya shugabanci ofishin makamashin rana, ONERSOL, daga 1969, ya dage a yi bincike a ƙera na'urorin a cikin ƙasa da hannun ƴan ƙasa, kamar yadda ya yi kira tun 1964 a ilimantar da yaran Afirka cikin harsunansu. Na'urar da aka san cikinta ita ake iya gyarawa.

Saboda haka, duk jami'in da aka miƙa wa takardar sabon aiki, minista ne ko gwamna ko magajin gari, ya kamata ya tsaya kan tambayoyi huɗu kafin ya sa hannu. Na farko, wa ya nemi wannan abu, kuma an zauna da waɗanda za su yi amfani da shi, maza da mata, cikin harshen da suke ji? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na biyu, nawa zai ci kowace shekara bayan masu kuɗin sun tafi, kuma a wane layi na kasafi aka rubuta shi? Na uku, ran da ya lalace wa zai gyara, a wace kasuwa za a sami kayan gyaran? Ba a fafe gora ranar tafiya. Na huɗu, in shekara ta yi muni, wa zai ɗauki asarar, hukuma ko talaka?

Ya kamata kuma mu sāke ma'aunin da muke auna nasara. An saba ƙidaya famfo nawa aka kafa, ɗalibai nawa aka yaye, kwamfuta nawa aka raba, domin waɗannan su ke shiga rahoto da jawabin ranar buki. Ƙidayar da ta fi amfani ita ce a koma bayan shekara biyar, ba sanarwa ba rakiya, a ga nawa ke aiki. Ku kuma jama'ar karkara, in an kawo muku abu ku tambaya kafin ku yi guɗa, in kun karɓa ku riƙe shi riƙon naku, ku biya kuɗin gyara, ku nemi a karanta muku lissafin asusu a bainar jama'a. Bashin da aka ci domin garmar da ta yi tsatsa, ƙasa ce ta ɗauke shi, kuma ƙasa mu ne da ƴaƴanmu.

Allah ya ba shugabanninmu basirar tambaya, ya ba manoma da makiyaya damina mai albarka.